Jar taswirar da ake turowa duk hunturu: tauraron ɗan adam na ganin iskar da muke shaƙa a Akra kuwa?

Da zarar hunturu ya kama, leɓe ya fara tsagewa, sai ka ga an fara turo wata taswira a guruf-guruf na WhatsApp, Gana ta yi ja wur tun daga Bolga har bakin teku, a ƙasa an rubuta wai satalayit ya nuna iskar Akra na cikin mafi muni a duniya. Daga nan sai gardama. Wani ya ce ƙaryar Turawa ce, ta ina abin da ke can sama zai san me ke shiga hancin mutum a Nima. Wani ya ce haba malam, abin da ke nuna rufin gidanku a Google Maps ne za ka ce bai ga hayaƙi ba? Na ukun kuma, su ne ma suka fi yawa, ya ce ai hazo ne, kowace shekara haka yake zuwa, in lokacinsa ya yi zai wuce.

To me tauraron yake gani takamaimai, ta yaya abin da ya gani yake komawa lambar da ke fitowa a waya, kuma har ina ya kamata a yarda da shi a gari irin Akra ko Kumasi?

Wace ƙura ake nufi tukuna

Ba ƙurar nan da ke hawa gilashin mota har yara su rubuta sunansu da yatsa ba ce babbar matsalar, wannan hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta, ka yi atishawa ko ka kakaro ka tofar. Wadda likitoci ke tsoro ita ce PM2.5, ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce maikromita 2.5 ba, silin gashin kai ɗaya ya fi shi kauri wajen sau 30. Kuma ba abu ɗaya ba ne, haɗaka ce: baƙin hayaƙin dizal, hayaƙin itace da gawayi, na bola da leda da aka cinna wa wuta, mafi laushin ƙurar Sahara, har da gishirin teku a unguwannin bakin ruwa. Saboda ƙanƙantarsa yana wucewa har can cikin huhu, wani ma ya shiga jini, shi ya sa illarsa ba ta tsaya a tari da asma ba, ana danganta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, nimoniya a yara, kansar huhu, da haihuwar jariran da nauyinsu bai kai ba.

Ana auna shi da maikrogiram a kowace kubik mita ta iska. A 2021 hukumar lafiya ta duniya WHO ta tsaurara ma'auninta, ta ce matsakaicin shekara kar ya wuce 5, na yini guda kar ya wuce 15, da can 10 ne da 25. Ita dai WHO ta ƙiyasta gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a duniya a 2019, a nan Gana kuma adadin da ake yawan ambata kusan 28,000 ne a shekara in an haɗa da hayaƙin girki.

Tauraron ba ya shaƙar iska

Babu hanci a jikinsa, babu wani bututu da ke zuƙo iskar Akra ya kai sama a gwada. Haske kawai yake gani. Rana ta haska ƙasa, hasken ya koma sama, na'urar ta kama. In iska garau take ƙasa za ta fito raɗau, daji ya yi duhunsa teku ta yi nata. In akwai ƙura ko hayaƙi a tsakani sai su watsa wani ɓangare na hasken su shanye wani, hoton ya yi dishi-dishi, daga yawan dusashewar nan ne masana ke fitar da wata lamba da suke kira AOD, wato kaurin hazon da ke tsakanin ƙasa da sama. In ba ta kai 0.1 ba sama tangaran take. In ta kai 1 ko ta haura, to irin ranar nan ce da za ka kalli rana ido da ido da hantsi ba ta kashe maka ido ba.

Tsofaffin hannu a wannan aikin su ne Terra da Aqua na hukumar NASA ta Amurka, an harba na farkon a Disamba 1999, na biyun a Mayu 2002, kowanne ɗauke da na'urar MODIS, suna shawagi a nisan kusan kilomita 700. Suna zagaya duniya ta arewa da kudu ita kuma tana juyawa a ƙarƙashinsu, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun leƙa kusan ko'ina. An tsara Terra ya riƙa wucewa wajen 10:30 na safe, Aqua kuma wajen 1:30, lokacin azahar kenan, duk da yanzu da suka tsufa lokacin ya goce, kuma na'urar VIIRS da ke kan taurarin da aka harba a 2011 da 2017 ita ke karɓar aikin. Turai na da Sentinel-5P tun 2017, shi ya fi ƙwarewa a iskar gas irin wadda injin mota ke fitarwa. Sai Meteosat, wanda ba ya yawo, yana tsaye cak a nisan kusan kilomita 36,000 a saman tekun da ke kudu da Tema, yana ɗaukar hoton Afirka duk bayan minti 10 zuwa 15.

Ga inda gizo ke saƙar. In ka leƙa duron ruwa daga sama ka ga gindinsa bai fito sosai ba, ka san ruwan ba tas yake ba, amma ba za ka iya cewa dattin a sama yake yawo ko a ƙasa ya kwanta ba. Mu kuwa a gindin duron muke zaune. AOD jimla ce ta komai daga ƙasa har ƙololuwa, huhunka kuma da iskar mita biyun da ke kusa da ƙasa kawai yake hulɗa.

Daga sama zuwa hanci, lissafi ne

Tunda AOD ba PM2.5 ba ce dole a yi jujjuyawa. Ana ɗauko wata babbar manhajar kwamfuta da ke kwaikwayon sararin samaniya, irin su GEOS-Chem, a ba ta bayanin iska, danshi, zafi, da ƙiyasin hayaƙin da kowane yanki ke fitarwa, ita sai ta ce daga cikin hazon nan da aka gani kaza ne yake kusa da ƙasa. Bayan nan a ɗauki sakamakon a gwada da na na'urorin da ke ƙasa suna zuƙar iska da gaske, a gyara inda ya kauce. Ƙungiyar Randall Martin da Aaron van Donkelaar, da suka fara a jami'ar Dalhousie ta Kanada kafin su koma jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, su suka fi shahara a wannan, taswirarsu ta koma baya har 1998, kuma irinta ake dogaro da ita wajen lissafin mace-macen da ake alaƙantawa da iska a ƙasashen duniya.

Aiki ne mai kyau, ba na raina shi. Amma gyaran ƙarshen nan ƙarfinsa ya dogara ne da yawan na'urorin ƙasa. Amurka da Turai da Sin suna da su da dubbai, Afirka ta Yamma kuwa 'yan ƙalilan ne, kenan mafi yawan darasin da lissafin ya koya a wata iskar ya koye shi, sannan a zo a ɗora shi a kan garin da ake ƙona shara a bayan gida, ake babbaka ganda da taya, ake kyafa kifi da itace a Chorkor, trotro mai shekara ashirin da ɗoriya na tsaye a tasha inji a kunne yana jiran ya cika. Waɗannan ba kasafai suke shiga ƙiyasin da ake ba kwamfutar yadda ya kamata ba, don ba wanda ya bi ya ƙirga su.

Sannan akwai wani cakuɗe da ake yi a saƙonnin da ake turowa. Taswirar nan mai launi-launi da ke motsi a manhajojin yanayi galibi ba hoton tauraro ba ce, hasashe ne na kwamfuta, da yawa daga shirin Copernicus na Turai suke ɗaukowa, wanda ya yanka duniya gida-gida kowanne kusan kilomita 40, Akra da Tema na iya faɗawa gida ɗaya. Shi kuma jerin nan na birane mafi gurɓata, irin na kamfanin IQAir na Siwizalan, yawanci daga na'urorin ƙasa yake ɗauka, kuma na wannan awar ne, gari na iya zama na ɗaya da safe ya sauko na talatin da yamma, ga garuruwan da ba su da na'ura ko ɗaya ba sa ma shiga jerin. Lambar AQI da manhajojin waya ke nunawa ma ba maikrogiram ba ce, wani ma'auni ne na daban, in ta wuce 150 ja ne, iskar ba ta da kyau ga kowa, in ta wuce 300 an shiga hatsari.

Inda ya ciri tuta

A maganar hazo kam a sara masa. Da hotunan taurari aka tabbatar cewa wani kwari a arewacin Cadi, Bodele, shi ne wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Gindin tsohon babban tafkin Cadi ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ƙasar wurin fara ce mai laushi, iska kuma na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. A hoto kana ganin farar ƙurar ta tashi ta yi layi, ta bi ta Nijar da arewacin Najeriya, bayan 'yan kwanaki ga ta a Tamale, ga ta a Kumasi, ga ta a Akra. Wannan na nufin ana iya yin gargaɗi kafin ta iso, abin da na'urar ƙasa ba za ta taɓa iyawa ba don ita sai ƙurar ta shigo mata take sani. Wanda ya tuna Fabrairun 2023, da hazo ya dawo da ƙarfi bayan kowa ya ɗauka ya tafi har hukumar kare muhalli ta Gana, EPA, ta ce a sa takunkumi a rage zama a waje, ya san amfanin a ce an faɗa wa mai asma kwana biyu kafin nan.

Na biyu wutar daji. MODIS da VIIRS suna gane zafin wuta, daga Nuwamba zuwa Janairu in ka buɗe shafin NASA Worldview, kyauta ne, za ka ga arewacin Gana ya cika da jajayen ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo wuta ce. Hayaƙin nan yana hawa iskar hunturu ya gangaro kudu tare da ƙurar, kenan ko hazon da muke cewa daga Sahara yake ba dukkansa ne na Sahara ba, akwai namu a ciki.

Na uku, ido ɗaya ne ya yi fiye da shekara ashirin yana kallon ko'ina da ma'auni ɗaya, ba ruwansa da gwamnatin da ke kan mulki ko kasafin kuɗin da ya ƙare. Garuruwa irin su Wa, Yendi, Bawku, Techiman, in ba don shi ba da kusan babu abin da za a ce game da iskarsu.

Inda idonsa bai kai ba

Gajimare ne na farko. In hadari ya rufe babu AOD, shi kenan, wurin sai ya fito fari a taswira ko kwamfuta ta cike da hasashe. Kudancin Gana kuwa wuri ne mai gajimare, daga Afrilu damina ta kama, Yuli da Agusta ko ba ruwa sama a lulluɓe take tun safe, Kumasi ma ta fi Akra. Kenan ranakun da tauraron ya fi samun gani su ne na rani, wato na hazo, watannin da iskar garin take tamu ce zalla ba baƙuwar ƙura su ne ya fi makancewa a cikinsu. Danshi ma na kumbura ɓurɓushin ya sa ya fi watsa haske, bakin teku kuma inda ruwa da ƙasa suka haɗu a gida ɗaya yana rikita lissafin.

Na biyu lokaci, kuma ni a ganina wannan ya fi komai muhimmanci. Je ka tsaya a bakin titin Nima bayan sallar asuba. Hajiya mai wake ta riga ta ɗora babbar tukunya a murhu, itacen bai gama bushewa ba yana ta tsiyayar hayaƙi, tana fifita da murfin roba idonta na ruwa, jikarta na goye a bayan 'yar aikinta. Gefe mai koko da ƙosai ta hura gawayi, an share ƙofar shago an tara sharar da ledar ruwa an kyasta ashana, trotro uku na jere inji a kunne yaron mota na kiran Circle Circle, yara masu yunifom na wucewa ta tsakiyar abin duka. A wannan lokacin iskar ƙasa a sanyaye take ba ta tashi sama, hayaƙin nan kwanciya yake a lungu daidai tsayin mutum, kana ganinsa shuɗi-shuɗi a hasken fitila. Sai rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗumama, iska ta fara motsawa ta kwashe shi sama ta baza, iskar teku ta shigo ta ƙara wankewa. Sai a sannan tauraron ke isowa, da hantsi da azahar, lokacin da gari ya fi tsabta. Da magariba a sake komawa gidan jiya, girkin dare, masu suya da tsire, cunkoson Lapaz da Kaneshie da Madina, shi kuma ba rana ba ya gani.

Na uku girman gida. AOD na MODIS na asali gida-gida ne na kilomita 10, gida ɗaya ya haɗiye Nima, Circle, Osu, Cantonments har filin jirgi, ya ba su lamba ɗaya. Akwai sabuwar dabara, MAIAC, da ta sauko da shi kilomita 1, ci gaba ne sosai, amma gida ɗaya ko biyu sun cinye Nima gaba ɗaya, kuma Nima da Kanda da Roman Ridge maƙwabta ne, titi ne kawai tsakani. Da Google Maps ke nuna rufin gidanku wata kyamara ce daban, hoto ne da aka ɗauka sau ɗaya a ranar da sama ta yi kyau, ba ita ke auna hazo kullum ba.

Bambancin unguwa da unguwa kuwa ba zato ba ne, an auna. Tsakanin 2006 da 2008 masu bincike daga Harvard da jami'ar Legon sun kafa na'urori a Jamestown, Asylum Down, Nima da East Legon, suka samu Jamestown ce a sama East Legon a ƙasa, kuma yawan murhun itace da gawayi da kusanci da babban titi su ke ɗaga lambar. Daga 2019 zuwa 2020 an sake wani mafi girma tare da Imperial College ta Landan, a wurare 146 a faɗin Akra da kewaye, matsakaicin shekara ya kama daga 26 a wani wuri na bayan gari zuwa 43 a wurin kasuwanci da masana'antu. Ka tuna ma'aunin WHO 5 ne. Wato wurin da ya fi ko'ina tsabta ma ya ninka sau biyar.

Na huɗu tsayi. Wani lokacin ƙurar Sahara na wucewa ta can sama, kilomita biyu ko uku, tauraron ya ga AOD ta yi sama taswira ta yi ja, alhali a ƙasa da sauƙi. Wani lokacin kuma akasin haka, sama garau amma lungu a turnuƙe. Akwai tauraron CALIPSO da ke harba hasken leza yana gane tsayin da ƙurar take, ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, sai dai siririn layi kawai yake bi.

Cikin ɗaki kuwa ba a magana. Matar da ke girki da kurfoti a baranda ko a ɗakin da taga ɗaya ce, da maganin sauron nan na murɗe da ake kunnawa a rufe ƙofa har safe, babu tauraron da ya san da su.

Hazo ne ko mu ne?

Nan ra'ayi ya rabu. Masu cewa hazo ne suna da hujja, a watannin hunturu lambar na ninkawa kuma babu dokar da majalisa za ta yi ta hana Bodele tashi. Masu riƙe da aljihun gwamnati ma za su so wannan bayanin, tunda abin da Allah ya kawo ba a tambayar minista a kansa, kuma ga tauraro na ba da bayani kyauta, me ya sa za a kashe dubban daloli a kan kowace babbar na'ura da ke buƙatar lantarki, tacewa da ma'aikaci.

Ɗaya ɓangaren, inda ni ma nake, suna cewa hunturu wata uku ne, sauran wata taran fa? Ko ba hazo iskar Akra ta wuce ma'aunin WHO nesa ba kusa ba, kuma wannan ɓangaren shi ne wanda hannunmu zai iya kai wa. An taɓa gani ai. Bayan rahoton ƙungiyar Public Eye ta Siwizalan a 2016 kan ƙazamin dizal ɗin da ake kawowa Afirka, Gana ta sauko da farar wutar da aka yarda ta kasance a man da ake shigowa da shi daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50 a 2017. Mataki ne na gaske da ba wanda ya ji zafinsa a jiki.

Sai dai ba kowane matakin da aka laƙaba wa sunan iska ne yake gyara iska ba. Harajin hayaƙin da aka fara a Fabrairun 2024, sidi 75 a shekara ga babur da keke mai ƙafa uku, 150 zuwa 300 ga motoci, kuɗi ne kawai ake karɓa ko motarka na hayaƙi ko ba ta yi, an soke shi a 2025. Rusau ɗin Agbogbloshie a Yulin 2021, wanda ya zo tare da kwashe 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku, ya share filin da ake ƙona waya don ciro tagulla, amma masu sana'ar ba ɓacewa suka yi ba, sun watsu ne, wasu ma kusa da gidajen mutane. Babbar wuta guda ta koma ƙanana masu yawa, irin waɗanda daga sama ba sa fitowa.

Abin da nake tsoro shi ne taswirar da ta shafe bambanci. In Akra duk launi ɗaya ce to matsalar ta kowa ce daidai wa daida, wanda ke barci da AC a Airport Residential da kayayo mai dakon kaya da ke kwana a bakin shago a Tudu duk ɗaya. In kuma aka juya aka ce a nemo mai laifi a ƙasa ba tare da awo ba, an san wa za a fara kamawa, mai wake da mai kyafa kifi da mai keken kaya na aboboya, ba mai manyan motoci ko ɗan kwangilar da ya bar titi ba kwalta shekara da shekaru ba.

Su wa ke aunawa a ƙasa

EPA na da wuraren awo a Akra, da yawa a bakin manyan tituna, ga 'yan manyan na'urori masu ba da lamba kowace awa. Ofishin jakadancin Amurka a Cantonments na da guda wadda masu bincike da manhajojin waya suka dogara da ita sosai, sai a Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da fitar da bayanan ofisoshinta a duniya, ta ce kuɗi ne babu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna hatsarin jingina da na wani. Akwai shirin Breathe Accra da Farfesa Kofi Amegah na jami'ar Cape Coast ke jagoranta, suna kafa ƙananan na'urori masu araha a unguwanni, kowa na iya duba lambar a intanet. A Koforidua, jami'ar All Nations, wadda ɗalibanta suka ƙera GhanaSat-1 da aka harba a 2017, tana da na'urar da ke kallon rana daga ƙasa tana auna AOD, tana cikin jerin AERONET na NASA da ake gwada gaskiyar taurarin da shi, Ilorin ma na da irinta tun 1998. Kumasi dai an bar ta a baya in aka kwatanta da Akra, duk da unguwar makanikai ta Suame Magazine da cunkoson Kejetia da kekunan firagiya masu ƙafa uku da suka cika Aboabo da Asawase.

A sama ma an bar mu a baya. Koriya ta Kudu ta harba GEMS a 2020, Amurka ta harba TEMPO a 2023, taurari ne masu tsayawa wuri guda suna auna gurɓatar iska kowace awa da rana, ɗaya na kallon Asiya ɗaya Arewacin Amurka. Yankinmu bai da irinsu.

To me mutum zai yi da wannan duka

In an turo maka taswirar, fara duba kwanan wata, da yawa na bara ne ake sake yaɗawa. In ta yau ce kuma ka leƙa waje ka ga dogayen gine-ginen Ridge ko hasumiyar masallacin ƙasa na Kanda sun dusashe, to ka yarda da ita, a maganar hazo ba ta cika kuskure ba. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, tsofaffi da masu hawan jini da masu ciki su rage yawo, 'yan ƙwallo da masu gudun safe su ɗaga. Takunkumin N95 ko KN95 da ya kama fuska shi ke tare PM2.5, na yadi ko gefen gyale ƙurar manya kawai yake tarewa.

In kuma taswirar kore ce a watan Yuni kar ka ɗauka an wanke ka. Jaririn da ke goye a bakin murhu, ɗakin makarantar allo da ke gefen bola, shagon da ke daidai inda trotro ke tsayawa, nasu awon daban ne. Matsar da yaro daga hayaƙi, girki a fili maimakon cikin ɗaki, busasshen itace, gas ga wanda ya samu hali, duk da kowa ya san kuɗin cika silinda ke mayar da mata kan gawayi, ba rashin sani ba.

Sauran kuma na hukuma ne, kuma ba abu ne da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ƙananan na'urorin nan 'yan ɗaruruwan daloli ne, Ayawaso East da Nima ke ciki, Ayawaso North ta Mamobi, da Asokore Mampong a Kumasi duk za su iya kafa su a kasuwa, a tasha, a makaranta, a asibitin unguwa, ɗan asambili da sarakunan zango na da bakin da za su nema. Sharaɗin dai shi ne a fara ajiye kowace a gefen babbar na'urar EPA a daidaita ta, don a danshin Akra suna yawan ƙara gishiri, sannan a riƙa fitar da lambar kowace awa a inda mutanen unguwar za su gani, har da ta asuba da ta magariba. Waɗannan lambobin ne kuma masu lissafin taurarin ke nema don gyara taswirar tasu ta yankin nan.